Bitar WWWOFFLE: yadda take share rumbunta, da rubutun umarnin da ya dace a ɗora mata

WWWOFFLE manhaja ce da ke zama tsakanin burauza da intanet, tana adana kwafin kowane shafi da ya bi ta cikinta a wani rumbu da ke faifan kwamfuta domin a iya sake buɗe shi a lokacin da babu layi. Andrew M. Bishop ne ya rubuta ta da harshen C, ya fara sakinta a 1997, zamanin da mutanen Ingila ke hawa intanet ta layin tarho suna biyan kuɗin kowane minti, kuma ya bar ta kyauta a ƙarƙashin lasisin GPL, mai ba kowa damar amfani da manhaja da gyara ta. Sigarta ta ƙarshe, 2.9j, ta fito a 2016. Ina amfani da ita a kan wata tsohuwar kwamfuta mai Linux a wani ɗakin karatu da ba ya samun intanet sai na ɗan lokaci a rana, kuma wannan bita ta tsaya ne a kan ɓangare guda na aikinta, wato yadda take rage abin da ta tara idan faifai ya fara cika, da kuma abin da ya rage wa mai kula da ita ya rubuta da hannunsa. A ganina tsarin sharar da ke cikinta yana da kyau ƙwarai, har ya fi yawancin abin da mutane ke ƙirƙira don maye gurbinsa, sai dai an gina shi a kan zaton cewa layi zai dawo gobe, kuma wannan zaton ne rubutun umarninka ya kamata ya gyara.

Aikinta na yau da kullum ba shi da wuyar fahimta. Manhajar da ke gudana a bayan fage ana kiranta wwwoffled, tana sauraron burauza a ƙofa mai lamba 8080, tana kuma karɓar umarnin mai kula a ƙofa ta 8081. Idan aka ba ta umarnin wwwoffle -online, sai ta riƙa ɗauko shafuka daga intanet tana ajiye kwafinsu. Idan aka ce wwwoffle -offline, sai ta koma bayar da abin da ke rumbu kawai, kuma duk wanda ya nemi shafin da babu shi, sai ta rubuta buƙatarsa ta ajiye a wata folda mai suna outgoing, har zuwa lokacin da layi zai samu a ce mata wwwoffle -fetch ta ɗebo su gaba ɗaya. Wannan jerin gwanon buƙatu shi ne abin da ya bambanta ta da sauran manhajojin da ke ajiye shafuka don saurin buɗewa kawai, kuma saboda shi ne ɗalibi zai iya neman makala da safe ya same ta da yamma ba tare da ya san lokacin da aka kunna layi ba.

Daga nan ne batun shara ya ɗauki wani nauyi na daban. Squid, wadda ita ce aka fi sani a wannan fanni, tana share kanta ba tare da an umarce ta ba: idan rumbunta ya kai kashi 90 cikin 100 na girman da aka ƙayyade sai ta fara fitar da abubuwan da aka daɗe ba a nema ba, kuma tana ƙara ƙaimi yayin da ya doshi kashi 95. Hakan daidai ne gare ta, domin abin da ta goge a yanzu za ta iya sake ɗauko shi cikin daƙiƙa ɗaya idan wani ya nema. A wurin da layi ke zuwa jefi-jefi, shafin da aka goge ya tafi ke nan har sai layi ya dawo, kuma ko ya dawo sai an sake kashe data a kansa, wani lokacin ma a tarar masu shafin sun sauya shi ko sun rufe shi ɗungurungum. Mai randa a unguwar da famfo ba ya kawo ruwa kullum ba ya zubar da na jiya sai ya ji na yau ya iso. WWWOFFLE ta fahimci rabin wannan, domin ba ta goge komai da kanta sai an ba ta umarnin wwwoffle -purge, ko an danna maɓallinsa a shafin sarrafawa da ke buɗewa a burauza. Sauran rabin, wato sanin lokacin da ya dace a bayar da umarnin, ta bar wa mai kula.

Kafin a taɓa rumbun, ya kamata a san yadda aka shirya shi. Asalin mazauninsa shi ne /var/spool/wwwoffle, ko da yake wasu rabe-raben Linux sun mayar da shi wani wuri. A ciki akwai folda ga kowace hanyar sadarwa, kamar http da ftp, a cikin kowace kuma akwai folda ga kowane gidan yanar gizo da aka ziyarta. Kowane shafi yana da fayil biyu: ɗaya sunansa ya fara da harafin D, shi ke ɗauke da abin da shafin ya ƙunsa, ɗayan ya fara da U, shi kuma adireshin shafin kawai ke cikinsa. Sauran sunan jerin haruffa ne da aka lissafo daga adireshin, don haka mutum ba zai gane wane shafi ne ba ta hanyar kallon suna. Ban da waɗannan akwai outgoing da aka ambata, da monitor inda ake ajiye jerin shafukan da aka ce a riƙa sabuntawa lokaci-lokaci, da lasttime mai riƙe da tarihin abin da aka ɗauko a hawan ƙarshe. Wannan tsari mai sauƙi abin yabo ne, domin babu wani rufaffen kundin bayanai da zai lalace ya tafi da komai idan wuta ta ɗauke a tsakiyar rubutu.

Amma sauƙin nan shi ke jan mutane zuwa ga kuskuren da na fi gani. Wanda ya saba da Linux, da zarar ya ga fayiloli a fili, sai ya rubuta layi ɗaya na find, umarnin neman fayiloli, ya ce a goge duk abin da ya yi kwana goma sha huɗu ba a buɗe ba a ƙarƙashin babbar foldar, ya sa shi a cron, manhajar da ke gudanar da umarni a lokacin da aka tsara, ya ɗauka ya gama. Wannan layi ba ya bambanta shafin da aka adana da buƙatar da ke jiran layi, saboda haka zai iya cinye abin da ke outgoing da monitor, kuma babu wanda zai lura sai ranar da malami ya tambayi dalilin da ya sa shafin da ya ce a riƙa sabunta masa ya tsaya. Haka nan bai san cewa D da U tagwaye ba ne. Ana karanta su a lokuta mabambanta, don haka kwanan watansu yakan sha bamban, sai a goge ɗaya a bar ɗaya. Idan U ne ya tafi, abin da shafin ya ƙunsa yana nan yana cin wuri amma jerin abubuwan da ke rumbu bai san adireshinsa ba. Ƙari a kan haka, find ba ya karanta fayil ɗin saiti, don haka duk wani shafi da aka ce kada a taɓa, a wurinsa daidai yake da tallan da aka gani sau ɗaya. Shawarata a nan ba ta da kwana-kwana: kada rubutun umarninka ya goge fayil ko ɗaya a cikin wannan folda da hannunsa.

Inda ya kamata a zuba tunani shi ne sashen Purge, wato shara, na fayil ɗin saiti mai suna wwwoffle.conf, kuma a nan ne manhajar ta fi burge ni. Ga misalin irin abin da nake sawa, da adireshin misali a maimakon na gaskiya:

Purge
{
 use-mtime = no
 use-url = yes
 max-size = 8000
 min-free = 1000
 del-dontget = yes
 <http://example.org/darussa/*> age = -1
 <http://labarai.example.com/*> age = 3
 age = 3m
 compress-age = 2w
}

Zaɓin age shi ne yawan kwanakin da shafi zai yi kafin a goge shi, kuma ana iya ba kowane gida ko kowane reshe nasa wa'adin. Sifili na nufin a goge a kowace shara, lamba mai alamar ragi kuma na nufin kada a goge har abada, sannan ana iya ƙara harafin w don makonni, m don watanni, y don shekaru. Ƙa'idar da ta fara dacewa da adireshi ita ake bi, don haka keɓaɓɓun ƙa'idoji suke zuwa sama, ta gama-gari ta zo ƙasa. Akwai tarko ɗaya da ya kamata a sani: muddin use-url yana kan no, wanda shi ne yadda manhajar ke zuwa, hanyar sadarwa da sunan gida kawai ake dubawa, a yi watsi da sauran adireshin. Wanda yake son ya tsare reshen darussa kaɗai daga cikin babban gida dole ya mayar da shi yes, ya kuma yarda cewa sharar za ta ɗan ƙara daɗewa tunda sai an buɗe kowane fayil na U an karanta adireshinsa. A kan tsohon faifai mai dubban ƙananan fayiloli ana jin bambancin, amma farashi ne da ya cancanci biya.

Wa'adin da manhajar ke zuwa da shi kwana 14 ne, kuma a nan ne na fi saɓa mata. Ga mutum ɗaya da ke hawa layi kowane dare daga gidansa, kamar yadda aka yi ta dominsa tun farko, mako biyu ya wadatar. Ga makaranta ko ɗakin karatu kuwa, hutun ƙarshen zango kaɗai ya isa ya wuce wannan wa'adi, balle dogon hutun ƙarshen shekara. A duk tsawon hutun babu wanda ya buɗe shafi ko ɗaya, don haka a idon manhajar komai ya tsufa, kuma sharar farko bayan dawowa za ta kwashe kusan duk abin da aka tara a zangon da ya wuce, ta yi hakan kuma cikin bin doka, ba tare da wani gargaɗi ba. Manhajar tana ƙirga kwanakin kalanda ne, ba kwanakin da aka yi aiki ba, kuma babu zaɓin da zai sauya hakan. Maganin da na ga ya fi shi ne a sa wa'adin gama-gari ya zarce hutu mafi tsawo da wurin ke yi, wata uku ko fiye, sannan a bar iyakar girma ta zama ita ce mai tilasta shara idan wuri ya ƙure.

Iyakar girman kuwa zaɓi biyu ne, dukansu a ma'aunin megabait. Da max-size ake faɗin iyakar da rumbu zai kai bayan shara, da min-free kuma ake faɗin wurin da dole ya rage a faifai, kuma idan an sa duka biyun, wanda ya fi matse rumbun shi ke rinjaye. Idan zagayen farko ya ƙare rumbun bai sauko ba, sai manhajar ta sake zagayawa da gajeren wa'adi. Shafukan da aka ce kada a goge ana lissafa nauyinsu amma ba a taɓa su, wanda ke nufin idan ka tsare gidaje masu nauyi da yawa, sauran ne za su biya, har ta kai shafin da aka karanta shekaranjiya ya tafi don a sama wa tsararrun wuri. Wannan hali daidai ne, sai dai yana buƙatar mai kula ya riƙa duba nauyin abin da ya tsare. Na fi dogara da min-free, musamman idan rumbun yana faifai ɗaya da sauran tsarin kwamfutar, domin cikar faifai ba ta tsaya ga hana adana shafuka ba, tana iya hana rajista rubutuwa ta kuma hana wasu manhajoji tashi. Abin lura shi ne dukansu biyun ba sa aiki sai a lokacin shara, don haka ɗebo babba guda ɗaya zai iya cika faifai tsakanin shara da shara.

Batun use-mtime yana buƙatar natsuwa fiye da yadda gajeren bayaninsa ke nunawa. Idan yana kan no, ana auna tsufan shafi daga lokacin da aka buɗe shi na ƙarshe, idan yana kan yes kuma daga lokacin da aka sauya fayil ɗin na ƙarshe. Na farkon ne ya dace da ɗakin karatu, domin makalar da aka ɗauko bara amma ake karantawa kowane mako bai kamata ta tafi ba. Sai dai lokacin buɗewa abu ne da tsarin fayil ke rubutawa, kuma ba kullum yake faɗin gaskiyar da kake nema ba. Faifan da aka ɗora da zaɓin noatime, kamar yadda ake yawan yi wa katin ajiya don ya daɗe, ba ya sabunta wannan lokaci idan an karanta fayil. Tun daga sigar 2.6.30 ta 2009, Linux tana amfani da relatime, wanda ke sabuntawa kusan sau ɗaya a rana, kuma hakan ya ishe mu tunda da kwanaki muke ƙirga. Ta ɗaya gefen kuma, duk manhajar da ta bi ta karanta rumbun gaba ɗaya, ko mai kwafin ajiya ce ko mai gina jerin bincike ko grep, umarnin neman kalma a cikin fayiloli, da wani ya sake, za ta sa komai ya zama kamar yau aka buɗe shi, sai shara ta zo ta tarar babu abin gogewa. Wanda ke kwafe rumbun da tar na GNU, umarnin haɗa fayiloli a kundi ɗaya, yana da zaɓin --atime-preserve=system don kauce wa hakan.

Sauran zaɓuɓɓukan ba sa buƙatar dogon bayani. Da compress-age ake matse shafukan da suka kai wani wa'adi a maimakon goge su, kuma yana rage nauyin rubutu sosai, amma hotuna da bidiyo da yawancin fayilolin PDF a matse suke tun asali, don haka kada a sa rai da yawa a kansu. Da del-dontget kuma ake goge duk abin da ya dace da jerin adireshin da aka hana ɗaukowa, wanda ke da amfani ranar da ka ƙara gidajen talla a jerin kana son a fitar da tsofaffinsu.

Babban giɓin da ke cikin umarnin shara shi ne rashin hanyar gwaji. Babu zaɓin da zai nuna maka abin da za a goge ba tare da an goge ba, kuma ga aikin da ba a iya mayar da shi baya, a wurin da babu layin sake ɗaukowa, wannan rashi ne na gaske. Abin da ke rage raɗaɗin shi ne rahoton da umarnin ke fitarwa, mai jero gidajen da nauyin kowanne da abin da aka yi musu, tare da bayanin yadda nauyin rumbun ya rarrabu bisa tsufa. Hanyar da ta fi aminci ita ce a fara da wa'adi mai tsawon gaske, shekara ɗaya misali, a gudanar da shara, a karanta rahoton, sannan a riƙa rage wa'adin sannu a hankali ana ganin inda nauyin yake. Saboda haka ne adana wannan rahoto ya zama aikin farko na rubutun umarnin.

Rubutun da nake ba da shawara gajere ne, kuma gajartarsa da gangan ce:

#!/bin/sh
SAITI=/etc/wwwoffle/wwwoffle.conf
SHAIDA=/var/lib/shara/debo-na-karshe
RAJISTA=/var/log/wwwoffle-shara.log
find "$SHAIDA" -mtime -2 | grep -q . || exit 0
date >> "$RAJISTA"
flock -n /run/shara.lock wwwoffle -c "$SAITI" -purge >> "$RAJISTA" 2>&1

Fayil ɗin shaida, wato SHAIDA a rubutun, ba ya ɗauke da komai sai kwanan wata. Rubutun da ke gudana idan layi ya samu, wanda ke kiran -online da -fetch, shi ne zai taɓa shi da umarnin touch bayan ɗebo ya kammala. Layin find da ke nan ba ya goge komai, tambaya kawai yake yi ko an samu layi cikin kwana biyun da suka wuce, idan ba a samu ba sai rubutun ya fita shiru ya bar rumbu yadda yake. Ta haka ba za a yi shara a tsakiyar makon da data ta ƙare ko eriya ta lalace ba, lokacin da abin da ke rumbu shi ne kaɗai abin da masu karatu ke da shi. Zaɓin -c yana sa umarnin ya karanta lambar ƙofa da kalmar sirri daga fayil ɗin saiti, don kada a rubuta kalmar sirrin a cikin rubutun, flock kuma yana hana shara biyu haɗuwa idan ta farko ta daɗe. Wanda faifansa ƙarami ne zai iya ƙara sharaɗi guda da df, umarnin da ke nuna wurin da ya rage a faifai, ya ce idan wurin da ya rage ya yi ƙasa da wani adadi a yi sharar ko da babu layi, tunda faifan da ya cika ya fi rumbun da ya ragu illa.

Lokacin gudanarwa ma yana da nasa sharuɗɗan. An saba sa irin wannan aiki a cron da tsakar dare, amma cron ba ya rama aikin da lokacinsa ya wuce kwamfuta na kashe, kuma a wurin da ake kashe janareta da magariba, sharar ƙarfe uku na dare ba za ta taɓa gudana ba. Anacron, ɗan'uwan cron, yana ramawa, haka ma agogon systemd, manhajar da ke tayar da ayyukan Linux, idan an sa masa Persistent=true, sai dai ramawar tana faruwa ne jim kaɗan bayan an kunna kwamfuta, wato daidai safiyar dawowa daga hutu, lokacin da ya fi kowane haɗari. Shi ya sa na fi son a ɗaure shara da samuwar layi maimakon agogo: a kira rubutun a ƙarshen ɗebo, kafin a koma -offline. Masu hawa layi da manhajar PPP suna da foldar /etc/ppp/ip-up.d don haka, masu NetworkManager kuma suna da foldar dispatcher.d da ke gudanar da rubutu duk sanda layi ya tashi ko ya faɗi.

Akwai kuma matsalar agogon kwamfutar kanta, wadda ba kasafai ake tunawa da ita ba. Duk lissafin shara ya rataya ne a kan kwanan wata, kuma kwamfutar da ba ta kan layi ba ta da wurin gyara agogonta. Tsohuwar kwamfuta da batirin agogonta ya mutu takan tashi da kwanan watan shekarun baya, kuma ƙananan kwamfutocin Raspberry Pi da suka gabaci siga ta 5 ba su da agogo mai batiri ko kaɗan. Idan aka yi ɗebo alhali agogo yana baya, sababbin shafukan za su ɗauki tsohon kwanan wata, kuma da zarar an gyara agogon sai su zama su ne mafi tsufa a rumbu, su ne kuma farkon tafiya. Don haka a rubutun hawa layi, daidaita agogo ta NTP, hanyar karɓo lokaci daga intanet, ya kamata ya zo kafin -fetch, kuma taɓa fayil ɗin shaida ya zo bayan duka biyun. WWWOFFLE ba ta yin wani bincike a kan wannan, ta yarda da abin da agogo ya faɗa mata.

Idan buƙatar ita ce cire wani abu takamaimai, kamar gida guda da ya cika rumbu da bidiyo, manhajar ta zo da ƙananan kayan aiki da suka san tsarin D da U. Da wwwoffle-ls ake jero shafukan wani gida tare da nauyinsu da adireshinsu, da wwwoffle-rm ake goge shafi ta hanyar ba da adireshinsa, da wwwoffle-mv ake mayar da shafuka daga wani suna zuwa wani idan gida ya sauya adireshi, wwwoffle-fsck kuma yana duba daidaiton rumbun, abin da ya kamata a yi bayan duk ɗaukewar wuta a tsakiyar ɗebo. Ana iya haɗa na farko da na biyu da awk, umarnin tace rubutu, a cire duk abin da ya wuce wani nauyi, kuma wannan ita ce kaɗai hanyar gogewa da hannu da na yarda da ita. A gudanar da su da sunan mai amfanin da wwwoffled ke gudana da shi, domin fayil ɗin da ya koma mallakar root, babban mai iko da kwamfuta, yana iya gagarar manhajar daga baya.

Polipo, wadda Juliusz Chroboczek ya rubuta kuma ya daina kula da ita a 2016, ita ce kishiyar da ta fi kusa, kuma tana da dabara ɗaya da nake fatan WWWOFFLE ta samu: umarninta na polipo -x yana datse manyan fayilolin da suka yi kwana huɗu da rabi zuwa megabait ɗaya, kafin ya goge su gaba ɗaya bayan kwana 32. Amma ba ta da wa'adi daban ga kowane gida, ba ta kuma da jerin gwanon buƙatu, kuma ga ɗakin karatu waɗannan biyun sun fi datsewa muhimmanci nesa ba kusa ba.

Abin da zai sa mutum ya yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki WWWOFFLE a yau ba sharar ba ce, sauyin da intanet ta yi ne. Yawancin gidaje sun koma HTTPS, hanyar da ke ɓoye abin da ke wucewa tsakanin burauza da gida, kuma manhajar da ke tsakiya ba ta ganin abin da ke wucewa ta rufaffiyar hanya, balle ta adana shi. Jerin sigar 2.9 ya kawo hanyar adana irin waɗannan shafuka ta amfani da GnuTLS, manhajar ɓoye bayanai, amma sai an sa kowace burauza ta amince da takardar shaidar da manhajar ta ƙirƙira, wanda ke nufin kwamfutar da ke tsakiya za ta iya karanta duk abin da aka bari ya bi ta wannan hanya. Idan za a kunna shi, a taƙaita shi ga gidajen karatu da aka zaɓa ɗaya bayan ɗaya, a bar banki da imel da Facebook su wuce a rufe, a kuma sanar da masu amfani. Shafukan da JavaScript ke ginawa a lokacin buɗewa su ma ba sa adanuwa da kyau. Tunda kuma shekaru sun shuɗe ba a sake sabuwar siga ba, bai kamata a buɗe ƙofarta ga waje ba, a yi amfani da sashen AllowedConnectHosts a taƙaita ta ga kwamfutocin cikin ɗaki.

Wannan sauyi yana shafar yadda za a saita shara kai tsaye. Ga manyan tarin ilimi kamar Wikipedia, har da ta Hausa, Kiwix, manhajar karanta su ba tare da layi ba, da fayilolinta na ZIM sun fi dacewa, domin ana sauke su sau ɗaya kuma babu abin sharewa a cikinsu. Abin da ya rage wa WWWOFFLE shi ne takardun darasi, da littattafan jagora na manhajoji, da tsofaffin shafukan jami'o'i da ƙananan gidajen da babu wanda ya tattara su a ZIM, kuma irin waɗannan su ne suka fi saurin ɓacewa daga intanet. A rumbun da nake kula da shi, jerin gidajen da ke da age = -1 ya fi na masu gajeren wa'adi tsawo, kuma a farkon kowane zango nakan buɗe rajistar shara in duba ko nauyinsu ya kusa rabin max-size, in ya kusa sai a ƙara faifai ko a kwashe wasu zuwa ajiya ta dabam kafin su fara tura sauran waje.